Rabin Aski a Shagon Ozell

Dusar ƙanƙara ta rufe titin Kinsman tun asuba.
Ba wasa a Cleveland sai an shiga Afrilu,
amma a shagon Ozell kakar besbol ba ta ƙarewa.
Na hau kujera, ya ɗaura mini ƙyalle a wuya,
injin ya cinye gefen dama na kaina,
sai dattijo Thaddeus ya doka sandarsa a ƙasa.

"Waɗancan na bakin teku? Ai ba ƙungiya ba ce, kanti ne.
Duk yaron da muka raina har ya iya jifa,
su zo da buhun dala su ɗauke.
Albashin mutum ɗaya a wurinsu
ya isa ya ciyar da unguwar nan har jikoki.
Kofin da aka saya, tulu ne kawai mai ƙyalli."

Keshawn bai ɗago daga wayarsa ba.
"Baba, kuɗi ba ya riƙe gora.
Sau nawa suka zuba miliyoyi, Oktoba ta zo suka koma gida?
Mu namu attajirin ne mai hannun jarirai.
Kuma 'yan zamaninku da kuke kuranta wa,
a jefa musu ƙwallon yau, iska za su yi ta duka."

Ozell ya kashe inji.
Na ga kaina a madubi, rabi gona, rabi daji.

"Yaro," in ji shi, "mai jifan da
shi ke fara wasa, shi ke rufe shi, zagaye tara cur.
Na yanzu ya yi biyar, a lulluɓe masa hannu kamar sabon haihuwa."
"Shi ya sa hannunsu ke mutuwa suna da shekara talatin!"
Aka kaure. Wani ya ce tutocin da ke rataye a filin su ne shaida,
wani ya ce tuta ba ta cin wasan gobe.
Odessa mai kawo kofi ta ajiye tire ta ce,
"Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa."
Ba wanda ya ji ta.

Sai Thaddeus ya yi ƙasa da murya.
"Ubana Lemuel bahago ne.
Da rana yana narka ƙarfe, ran Lahadi yana jifa.
Launin fatarsa ya hana shi shiga babban fili,
sai ƙananan garuruwa, a tsohuwar bas, barci a zaune.
An ce ya taɓa fitar da mutum goma sha bakwai a yini ɗaya
aka biya shi da dala huɗu da gasasshiyar kaza.
Duba shi a wayar taka. Gaya mini matsayinsa."

Keshawn ya rubuta sunan.
Ya goge, ya sake rubutawa.
Babban yatsansa ya yi ta hawa yana sauka.
A waje motar share ƙanƙara ta wuce, gilashi ya girgiza.

"Babu shi, Baba."

"Na sani."

Tukunyar ɗumama ɗaki ta yi tari sau biyu.
Yaron ya kife wayar a cinyarsa,
ya ce, "Yaya yake riƙe ƙwallon?"
Tsohon ya ɗauki lemon da Odessa ta bari a kan tire,
ya ɗora yatsu biyu masu rawa, ya karkata wuyan hannu,
duk shagon ya matso.

Ni kuwa sai da na yi gyaran murya sau uku.
Ozell ya juyo, ya dubi rabin kaina kamar bai taɓa ganinsa ba,
ya kunna inji, ya ce,
"Kai fa, Purvis? Ba ka ce komai ba.
Bana za mu ɗauka, ko?"